Amsa: Littattafan karantawa a daren hunturu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai sababbin littattafan Hausa da za ka karanta a wannan sanyin, waɗanda ba labarin attajirin Abuja da 'yar talakawa ba.

Akwai, amma sai ka tona. Yawancin sabon rubutu yanzu a waya yake fitowa, a WhatsApp da Wattpad, shafi-shafi, wani sai ka biya a saka ka a rukuni. Shi ya sa ake jan labari kamar ba zai ƙare ba, don kada masu biya su watse. Ni kam yana gundurata.

Fara da gajerun labaran gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta soma a 2016 domin mata marubuta. A can za ka ga 'yar talla, da matar da ke zaune a sansanin gudun hijira, da rikicin gado. Sannan ka nemi masu sa Sakkwatanci a bakin mutanensu, in tsohuwa ta ce "mi kaka so?" ka san marubucin ya zauna da su.

Bugaggun littattafai kuwa, leƙa kasuwar Sabon Gari a Kano. In za ka karanta da daddare, kada dai ka kulle ɗaki da kaskon garwashi a ciki.