Naman gwarin saiwa da ragin bishiyoyi a dazukan itatuwan ok (oak) masu lalacewa

Tambaya: Malam, ni ɗalibin fannin gandun daji ne. Na karanta cewa itatuwan ok na Turai suna bushewa, kuma ana sare wasu domin a ceto saura. Shin wannan ragi yana amfanar naman gwarin da ke zaune a saiwoyinsu, ko cutar da shi yake yi?

Amsa: Abin ya danganta da yawan ragin da kuma lokacin da aka yi shi. Ƙananan saiwoyin ok, wato jinsin Quercus, a lulluɓe suke da zaren naman gwari, zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da masanin tsirrai Bajamushe Albert Bernhard Frank ya bayyana a 1885. Naman gwarin yana kutsa zarensa cikin ƙasa ya jawo ruwa da fosforas da naitirojin, har yana fitar da sinadaran da ke narkar da ruɓaɓɓen ganye, ita kuwa bishiya tana biyan sa da sukarin da ganyenta ke sarrafawa. Saboda haka da zarar ganye ya fara kakkaɓewa sakamakon fari ko ɓarnar ƙwari, sukarin da ke sauka saiwa yakan ragu, ƙananan saiwoyi su mutu, nau'o'in naman gwarin da suka fi jure wahala, irin su Cenococcum geophilum, su samu fili.

Amfanin ragi ta hanyar bishiyar yake bi. Idan aka rage cunkoso daidai gwargwado tun kafin ciwo ya yi nisa, itatuwan da aka bari sukan samu ƙarin ruwa da haske, su yi ganye, su ci gaba da ciyar da abokin zamansu. Amma idan aka wuce gona da iri, rana takan bugi ƙasa ta busar da samanta, inda mafi yawan ƙananan saiwoyin suke, manyan injunan jan katako su danne ta har iska ta kasa shiga, kututturan da aka bari kuma su zama abincin Armillaria, naman gwari mai ruɓar da saiwa, wanda ke afka wa itatuwan da suka riga suka raunana.

A kudancin Sifaniya da Fotugal kuwa, inda aka danganta bushewar ok da Phytophthora cinnamomi tun farkon shekarun 1990, lamarin ya sha bamban. Wannan ƙwayar cuta, wadda ba naman gwari na ainihi ba ce, tana yaɗuwa ta jiƙaƙƙiyar ƙasa da taɓon da ke manne wa tayoyi da kofaton dabbobi, ga shi itatuwan can dama a warwatse suke, don haka ragi ba shi ne maganinsu ba.

A ganina, ragi riga-kafi ne, ba ya tayar da bishiyar da akasarin saiwarta ta mutu. A yi shi kaɗan-kaɗan, lokacin da ƙasa take a bushe, bayan an haƙa an duba lafiyar ƙananan saiwoyi, ba a tsaya ga kallon ganye kawai ba.