Amsar Yaya kan lambun bayan ɗaki

(Muryar da Yaya ta turo jiya da daddare ce na rubuta, saboda waɗanda suka ce ba su da datar saukewa.)

Assalamu alaikum mutanen gida, an wuni lafiya, ya sanyi? Ƙanwata na ji saƙonki tun azahar, hidima ce ta riƙe ni. Kin ce kin shuka alayyahu da tumatir a sabon gidanku, safe da yamma kina ban ruwa amma kafin ki juya wurin ya bushe ƙayau, ganye ya koma ruwan ɗorawa, da kika barbaɗa takin zamani kuma sai suka ƙone, har kina cewa ke dama ba ki da hannun shuka. Dan Allah ki daina faɗin haka, hannunki lafiya lau, ƙasar ce ba ki san halinta ba.

Kin ga mu nan Katsina, har ki bi ta Mashi ki kai Daura da Mai'adua, yawancin ƙasarmu jigawa ce, rairayi ne da iska ta tara tun zamanin da. Shi ya sa gero da gyaɗa da wake da riɗi suka fi karɓar mu, in kuma kika gangara Malumfashi, Bakori, Funtua sai ki tarar ƙasar ta fi nauyi, ruwan sama ma ya fi, masara da auduga suna yi. To ita jigawa kamar rariya take wallahi, ruwa ba ya zama, kuma in zai wuce ba shi kaɗai yake tafiya ba, da abincin shukar yake tafiya can ƙasa inda saiwar alayyahu ba ta kaiwa. Wannan ruwan ɗorawan da kike gani yunwa ce. Kayan lambun da ake kawo mana daga Ajiwa da Jibiya ai a bakin dam ake noma su, ga ruwa kullum ga fadama, kada ki gwada bayan ɗakinki da nasu ki sa wa kanki damuwa.

Gobe da safe ki yi abu ɗaya. Ki ɗebi ƙasar cikin hannu, ki jiƙa kaɗan, ki dunƙule. In ta wargaje da kin buɗe hannu, rairayi ce. In ta dunƙulu har kina iya murza ta ta yi tsawo kamar igiya, to akwai laka, ita kuma nata ciwon daban, ruwa ke kwanciya saiwa ta ruɓe, in ta bushe ta tsattsage. Amma tunda sabon gida ne ni abin da na fi zargi ma cikon magina, jar ƙasa da marmara da guntayen bulo da ragowar siminti. Ni haka aka yi mani, shekara guda cur ina zagin mai sayar da iri a raina, Allah ya yafe mani, ashe ƙasan wurin duk buraguzan gini ne. Sai da na sa yara suka haƙe wajen kamu ɗaya suka kwashe.

Maganin jigawa dai takin gida ne, ba wani abu ba. Kashin awaki da tumaki, na shanu, sharar turke, ganyen da ya zubo, ɓawon gyaɗa. Amma fa ba ɗanye ba! Ki tara a rami ko lungu, kina yayyafa ruwa kina juyawa, wata 2 zuwa 3, sai ya yi baƙi ya daina zafi da wari sannan ki cakuɗa da ƙasar, ni kwano ɗaya na taki nake sa wa kwano biyu na ƙasa. Kashin kaji ya fi kowanne ƙarfi, ɗanyensa kuwa ƙona shuka yake nan take. In kina da wanda zai je ƙauye ki roƙa a ɗebo maki ƙasar gindin gawo, shi da damina yake zubar da ganye, shi ya sa manoma ba sa sare shi a gona, geron da ke ƙarƙashinsa ma daban yake. Toka kaɗan-kaɗan, kar ki juye ta murhu guda.

Shi kuma takin zamanin da ya ƙona maki, ina jin yuriya ce, farin nan kamar sukari. Kashi 46 cikin 100 nata sinadarin sa ganye ne zalla, ƙarfi gare ta, in ta taɓa jikin shuka ko aka zuba a busasshiyar ƙasa shi kenan. In dole sai kin sa, ki nemi NPK 15-15-15, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, ki tona nesa da gindin kamar yatsu huɗu, ki rufe ki ba da ruwa. Kaɗan yau, kaɗan bayan sati biyu ko uku, don in kin zuba da yawa ma rariyar nan ce za ta shanye kuɗinki.

Sai ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, rana da iskar hunturun nan su daina lashe danshin, kina dai dubawa saboda gara. Ruwan wanki mai garin sabulu kuma kar ya je wurin, gishirinsa taruwa yake, na wankin shinkafa da na alwala su ba komai.

In kin ga aikin haƙan ya yi yawa, buhu ko tsohon bokitin fenti ma ya isa, ki huda ƙasansa ki haɗa ƙasarki yadda kike so. Ki fara da marasa fushi, zogale, yakuwa, rama. Tumatir yanzu ne lokacinsa da sanyin nan, in aka shiga zafin Maris da Afrilu furen zubewa yake. Yauwa, kafin in manta, ki tuge ɗaya daga cikin waɗanda suka lanƙwashe ki wanke saiwar, in kin ga ƙulle-ƙulle kamar carbi to akwai wata tsutsa da ido ba ya gani, ta fi son rairayi, kar ki sake sa tumatir ko kuɓewa a wurin bana. Ki ɗauko hoton saiwar ki turo nan in gani. Cajina ya kusa ƙarewa, a gaida yara, sai da safe.