Ƙashin bayan Mama ya lotsa: allurar siminti ko mai ɗori?

Tambaya: Likita, mahaifiyata mai shekara 68 ta sunkuya za ta ɗauki bokiti sai baya ya riƙe. Hoto ya nuna ƙashin bayanta ɗaya ya lotsa saboda zaizayar ƙashi. An ce a yi mata allurar siminti, kawunmu kuma ya dage sai an kai ta wurin mai ɗori. Ina tsoron kada ta shanye.

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya. Wannan aikin ba yanka ba ne, 'yar'uwa. Ana kashe wurin, a zura allura cikin ƙashin ana kallo ta na'urar hoto, a tura simintin asibiti ya daskare ya riƙe shi. Wani lokaci a fara hura balan-balan a ciki don a ɗan ɗaga ƙashin. A Faransa aka fara allurar siminti a 1984. Babban haɗarin aikin shi ne simintin ya tsiyaya wajen ƙashi, shi ya sa sai ƙwararre.

Ba kowa ake yi wa ba. Yawancin irin wannan karaya kan warke cikin mako 6 zuwa 12 da maganin zafi da belin baya. Mukan zaɓi wanda karayarsa sabuwa ce kuma zafi ya hana shi tashi. Hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, shi ne zai nuna haka, a kuma tabbatar ba tarin fuka ko ciwon daji ne ya ci ƙashin ba.

Maganar kawu ce ta fi damuna, don kullum sai na ji ta. Ƙashin baya ba sangali ba ne da za a ja a ɗaura da karare. Bai goce ba, murƙushewa ya yi, kuma laka tana bayansa daf. Mai ɗori zai kwantar da tsohuwa rub da ciki, ya danna, wani har takawa yake yi, idan ya ji ƙas ya ce ya koma. Me ya koma? Wannan ƙarar tana iya zama ƙashi na biyu ko haƙarƙari. Sai ƙafa ta mutu a kawo mana ita, a ce aljanu ne. Don Allah ku roƙi kawu ya bari.

Ko an yi simintin, zaizayar tana nan. A auna ƙarfin ƙashinta, a ɗora ta kan maganin ƙarfafa ƙashi irin su alendronate da bitamin D. Idan ƙafa ta fara dindiris ko fitsari ya ƙwace mata, a kai ta asibiti a ranar.