Tambaya da Amsa: Ɗana ya matsa sai na sayo masa kunkuru

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara tara ya ga 'yan kunkuru a hannun wani mai sayar da tsuntsaye ranar kasuwa, tun daga ranar ya hana ni sakat. Ƙanana ne, da kaɗan suka fi kwalin ashana. Mai sayarwar ya ce ko a kwali za su zauna, kuma duk abin da aka ba su ci suke, har ragowar tuwo. Gidan haya muke, tsakar gidan duk siminti ne. Wanne zan zaɓa, kuma ina zan ajiye shi?
Wata uwa daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Mai sayarwa cinikinsa yake nema, shi ya sa bai gaya miki abin da ɗan mitsitsin nan zai zama nan da shekara goma ba.

Fara duba irinsa. Idan launinsa na rairayi ne, ƙafafunsa na gaba cike da kaushi, akwai kuma 'yan ƙayoyi a cinyoyinsa na baya, to babban kunkurun Sahel ne, wanda asalinsa daga Senegal ne har Sudan, ya ratso Mali da Nijar da arewacin Najeriya da Chadi. A duk kunkurun tudu na duniya iri biyu ne kawai suka fi shi girma, su kuwa a tsibiran Galapagos da Aldabra suke. Namijin da ya ƙosa yakan haura kilo 50, wani har ya doshi 100, kuma yakan yi shekara 70 ko fiye. Wanda aka yi ta labarinsa a fadar Soun, wato sarkin Ogbomosho, mai suna Alagba, da ya mutu a 2019 an ce shekararsa 344. Masana ba su yarda da wannan lissafi ba, ni ma haka, amma ko saba'in ɗin ta isa ki gane cewa jikokin yaron nan za su iya gadonsa.

A gidan kakana akwai irinsa, an kawo shi tun mahaifina bai yi aure ba. Muna yara har bayansa muke hawa ya yi taku biyu da mu. Wata bazara aka neme shi sama ko ƙasa, sai bayan kwana uku maƙwabcinmu ya yi sallama, ya ce a zo a ɗauki baƙo: ashe rami ya haƙa ta ƙarƙashin katangar ƙasa, ya ɓulla a garkar mutumin, ya share masa yakuwa tas. Maganin da manya suka yi shi ne huda gefen ƙoƙon bayansa aka ɗaura igiya. Har yau abin yana damuna, domin ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya a ciki, kunkuru yana jin zafin hudar, bakin faɗa ne ba shi da shi. Kada ki bari a huda naki, kada kuma yara su shafa masa fenti.

Akwai ƙaramin iri, wanda idan ya girma bayan ƙoƙonsa ke rufewa kamar murfi ya ɓoye ƙafafun baya. Tsawonsa bai cika wuce santimita 20 da 'yan kai ba, don haka shi ya fi dacewa da ƙaramin gida, sai dai yana son inuwa da danshi, kuma ban da ganye yana cin dodon koɗi da tana. Idan kuwa kika ga mai faɗi, da fata tsakanin yatsu, kififiya ce, ta ruwa, ki bar masa kayansa.

Ra'ayina a fili: in babban iri ne, kada ki saya sai kin san inda zai koma in ya girma, ko gidan iyaye mai fili ko wata garka mai katanga. Gidan haya mai siminti zai ɗauke shi shekara biyu ko uku, daga nan rigima ce da mai gida.

In kin yanke shawara, ki tambayi mai sayarwa ko a gida aka ƙyanƙyashe su ko daga daji aka kwaso. Na daji suna ƙarewa saboda kamu da yawan kiwo da ke cinye musu ciyawa, har ta kai tun shekarar 2000 yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wato CITES, ta hana fitar da babban irin da aka kamo a daji zuwa waje don kasuwanci. Ki ɗaga shi a tafin hannu, ya kamata ki ji nauyi kamar ɗan dutse. Idanu a buɗe tar, hanci a bushe ba kumfa ba majina. Ki sauke shi ƙasa ki gani ko yana ɗaga cikinsa yana tafiya, ba jan jiki ba. Guda ɗaya ya isa. Maza biyu faɗa suke har ɗaya ya kifar da ɗaya, wanda ya kife a rana kuwa yana iya mutuwa.

Maganar wuri, babban irin ƙasa yake so da rana. Ki sa a jera bulo layi biyu a kusurwar da hantsi ke sauka amma inuwa ke rufewa da azahar, kamar taku biyu tsawo, ɗaya faɗi, a zuba ƙasa mai haɗe da yashi ta kai taƙi guda don ya samu abin tona. Ki kifa masa fasasshiyar tukunyar ƙasa ta zama ɗakinsa, ki riƙa yayyafa ruwa a ƙarƙashinta. A rufe sama da ragar waya, saboda hankaka da shirwa da ɓera da kare duk nama suke ganinsa, ki kuma lura da cinnaka. Ruwan sha a faranti marar zurfi, domin kunkurun tudu bai iya iyo ba. Sau uku ko huɗu a mako ki tsoma shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi da bai kai masa haɓa ba, na minti goma sha biyar. Ƙishirwa ta fi yunwa kashe ƙananan. Rana kuma ita ke sa jikinsa ya amfana da sinadarin da ke gina ƙashi, wanda aka kulle a ɗaki ƙoƙonsa laushi yake yi.

Kwalin da mai sayarwa ya ambata yana da amfani guda: daren hunturu. Kunkurun Sahel ba ya jure sanyi, don haka daga Disamba zuwa Janairu ki shigar da shi ɗaki da magariba cikin kwali da busasshiyar ciyawa, ki fito da shi in hantsi ya dubi ludayi.

Tuwo, burodi, shinkafa da nama ba cimar babban irin ba ne, ko da kin ga yana haɗiya. Ciyawa ce abincinsa, ɗanya da busasshiya, wadda ba a yi wa feshin magani ba, sai ganyen rama da yakuwa da na kabewa a kai a kai. Kankana da tumatir sai jefi-jefi, suna sa shi zawo. Ki dafa ɓawon ƙwai, ki daka ya yi laushi, ki barbaɗa masa a ganye sau biyu a mako.

Shi kuma maigidan kunkurun, ki kafa masa doka tun ranar farko: duk sanda ya taɓa shi sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci komai, saboda kunkuru na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. In akwai ƙaninsa mai rarrafe, a nesanta shi da wurin gaba ɗaya. Allah ya raya mana su.