Tifa Ta Afka Wa Shagona, Mai Ita Ya Ce Ƙaddara Ce

Tambaya: Barista, ina da shagon tireda a Sabon Garin Zariya. Wata tifar yashi ta yi ribas ta afka wa gaban shagon, ta karya ƙofa, ta lalata firiza da kaya masu yawa. Direba ya ce birki ne ya shanye, mai motar kuma ya ce ƙaddara ce, shi ba ya wurin, ko sisi ba zai biya ba. Mun zauna gaban mai unguwa har an gaji. Ina mafita?

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Malam. Ka kwantar da hankalinka, kotu ba ta jiran mutum ya amsa laifinsa kafin ta ɗora masa biya. Da haka ne, da alƙalai sun daɗe da rasa aikin yi. Hujja take nema, kuma a maganarka hujjar ta fi karkata gare ka.

Ɗauki batun birki. Direban yana ganin ya wanke kansa ne, alhali ya buɗe ƙofa. Wa ke da alhakin duba birkin mota kafin a loda mata yashi a shigo da ita cikin jama'a? Shago dai ba ya tafiya, mota ce ta same shi a inda yake, don haka su za su yi wa kotu bayanin yadda hakan ta faru ba tare da sakaci ba. Shi kuwa mai motar, rashin kasancewarsa a wurin ba ya fid da shi. Ƙa'ida ce sananniya cewa ɓarnar da ma'aikaci ya yi a bakin aikinsa, ubangidansa na ɗaukar nauyinta. Ka haɗa su biyun a ƙara. Kai ƙarar direba shi kaɗai wahala ce, sau da yawa ba shi da abin da za a kama.

Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta share haƙƙi. Malaman Malikiyya sun daɗe da yanke cewa kuskure da ganganci ɗaya suke a kan dukiyar mutane, wanda ya lalata shi ke lamuni.

Yanzu aikinka shi ne tara shaida tun ba ta watse ba. Lambar motar, hotuna da bidiyon wurin kafin ka gyara, sunayen maƙwabtan da suka gani da idonsu, da rahoton 'yan sandan da ke kula da hatsarin mota idan an kai musu. Kada ka sayar da wayar da ka ɗauki hotunan ko ka goge su, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kan shaidar da ta fito daga na'ura, kuma za a so sanin inda ta fito. Idan a zaman mai unguwa wani cikinsu ya furta cewa motarsu ce ta yi ɓarnar, waɗanda suka ji shaidunka ne.

Inda na fi ganin masu gaskiya suna faɗuwa shi ne lissafi. Mutum ya tsaya gaban alƙali ya ce ya yi asarar kusan miliyan biyu, a tambaye shi dalla-dalla ya kama inda-inda. Asara irin wannan sai an jero ta ɗaya bayan ɗaya an kuma tabbatar da kowacce: rasitin firiza, ƙiyasin mai walda a rubuce, katan nawa na madara, buhu nawa na sukari, littafin cinikin da zai nuna abin da kake samu a rana. Abin da ba ka tabbatar ba, ba za a ba ka ba.

Kafin kotu, lauya ya rubuta wa mai motar takardar neman biya da wa'adin kwana 14. Ka kuma binciki inshorar motar. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, kuma tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta kai abin da ake biya kan dukiya zuwa naira miliyan 3 ga motar gida. Matsalar dai takardun bogi sun yi yawa.

Wace kotu? Idan ku duka Musulmi ne kuma mai motar mutum ne ba kamfani ba, kotun shari'ar Musulunci ta fi sauƙi, kana iya tsayawa da kanka. A can hujja na kan mai ƙara, rantsuwa kan wanda ya musanta, don haka ka je da shaidunka, kada ka bar maganar ta ƙare a kan rantsuwarsa. Idan kamfani ne ko akwai inshora a ciki, ni na fi son majistare ko Babbar Kotun Jiha, gwargwadon yawan kuɗin.

Ofishin 'yan sanda na iya gurfanar da direban kan tuƙin ganganci, amma ba wurin karɓar diyya ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan rigimar da ba ta laifi ba.

Idan aka kai wa mai motar sammaci ya ƙi zuwa, kotu na iya saurarenka ta yanke hukunci a bayan idonsa. Idan aka yanke ya ƙi biya, ana iya kama kadararsa a yi gwanjonta, har ita tifar, ko a umarci bankinsa ya biya ka daga asusunsa.

Kada ka yi jinkiri, ƙara tana da wa'adi. Da motar ta hukuma ce ma, dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar. In kuɗin lauya ya yi maka nauyi, ka leƙa Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo, suna da sashen taimakon jama'a kyauta. Ka tafi da rasitai da hotunanka.