Ilektiron na tafiyar hawainiya, to ya aka yi fitila ke kamawa nan take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar sakandare ce a Tudun Wada, Gombe. Malaminmu na fiziks ya ce ilektiron da ke cikin wayar lantarki ko tururuwa ta fi su sauri. In haka ne, me ya sa ina taɓa makunni ƙwan fitila ke kamawa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminku ya faɗi daidai, har ma ya rage. A wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 1 murabba'i, wadda ke ɗauke da amfiya 1 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana), ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke dakon wutar, ba sa cin ko milimita ɗaya cikin daƙiƙa goma. A awa guda, kusan santimita 26 ke nan, ɗan abin da ya haura taƙi. Da a ce da wannan saurin za su taso daga madatsar ruwa ta Dadin Kowa mai samar da lantarki, kusan kilomita 40 daga Gombe, da sai kin yi shekara 15 kina jira a duhu ba su iso ba.

Sirrin shi ne ba sai sun taso daga ko'ina ba. Wayar cike take da su tun daga masana'anta. Kowace ƙwayar zarra ta jan ƙarfe tana sakin ilektiron kamar guda ɗaya yana yawo a sake, su ne masu ɗaukar caji. Idan kin taɓa zuwa lambu lokacin noman rani, kin ga tiyon ban ruwa. Wanda ke cike, ana tayar da inji ruwa ke ɓullowa a ɗaya bakin, alhali ruwan da ya fito ba wanda injin ya zuƙo yanzu ba ne, na bakin tiyon ne aka turo. Makunni haka yake. Da kin haɗa layin, turin ne ke ratsa wayar da saurin da ya kusa na haske, sai ilektiron da ke cikin ƙwan su motsa a inda suke. Yawansu ne ke rufa wa nawarsu asiri: amfiya 1 na nufin ilektiron kimanin biliyan biliyan 6 na gifta wuri guda a kowace daƙiƙa.

Wutar gidanku ma, wadda har yau muke ce wa NEPA, ba ta tafiya ta fuska ɗaya. Gaba take yi ta dawo baya, sau 50 a daƙiƙa, a kan bolt 230. Ilektiron ɗin rawar ɗari kawai suke yi a wurinsu. Kada ki ce to ina aikin yake. Zarton kafinta ma ba ya zuwa ko'ina, amma katako na rabewa biyu. Shi ya sa kuɗin mita ba na ilektiron ba ne, na ƙarfin da aka girgiza su da shi ne.

Kuma ba ilektiron kaɗai ke dakon caji ba. A ruwan batirin mota da ruwan gishiri, ayon ne ke yi, wato ƙwayoyin zarra da suka yi rarar ilektiron ko suka yi giɓinsa. Jikin mutum cike yake da irin wannan ruwa, kuma jiƙa na sauƙaƙa wa wuta ratsa fata ta kai gare shi, dalilin da ya sa ake hana taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu ke nan.

Wani abu da zai iya rikita ki a jarrabawa: kibiyar da ake zanawa a littafi don nuna inda wuta ta dosa tana tashi daga alamar tarawa zuwa ta ɗebewa, su kuwa ilektiron akasin haka suke bi. Benjamin Franklin na Amurka ne ya raɗa alamomin tun wajen 1747, ba a gano ilektiron ba sai 1897 a Ingila, ta hannun J. J. Thomson. Kafin nan an saba, ba a kuma sauya ba. In an ce ki zana, ki bi kibiyar littafi.