Daga Lagwani Zuwa Ƙwan Lantarki: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Tambayoyin wannan karo duk a kan fitila da wutar lantarki suke, kuma wadda ta fi buƙatar dogon bayani ta zo ne daga wani malamin sakandare a Zariya, don haka da ita za a fara.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina shirya wa ɗalibaina darasi da Hausa a kan tsofaffin ƙwayayen lantarki da ke ajiye a gidajen tarihi na Turai da Amurka. Na rasa sunan da zan ba siririn zaren nan da ke cikin ƙwai, wanda shi ne yake yin jawur ya ba da haske. Ko dai mu ari sunansa na Turanci?

Amsa: Malam, ba sai ka yi aro ba, domin muna da lagwani, kuma tarihin fitilar lantarki da kansa yana goyon bayan wannan zaɓi. Sai dai kafin mu je can, ya kamata ɗalibanka su san cewa ita kanta kalmar fitila daga Larabci muka samo ta, daga fatila, wadda a can ma'anarta ita ce murɗaɗɗen zaren da ake tsomawa cikin mai a kunna. Da kalmar ta shigo Hausa sai ta tashi daga kan zaren ta koma kan dukkan abin, wato kasko da mai da zaren gaba ɗaya, shi kuma zaren aka bar shi da sunan lagwani. Irin wannan sauyi, inda sunan ɓangare yake zama sunan dukkan abu, ya zama ruwan dare a harsuna, amma a nan yana da amfani na musamman, saboda duk wanda ya bi jerin ƙwayayen da ke gidajen tarihi zai ga cewa wahalar da masu ƙirƙira suka sha kusan duk a kan lagwani take.

Tun farkon ƙarni na 19, bayan Alessandro Volta ya haɗa batir na farko a 1800, Humphry Davy ya nuna a Landan cewa idan aka kusanto da sanduna biyu na gawayi aka sa musu lantarki, haske mai ƙarfi yana tashi a tsakaninsu. Wannan haske ya yi wa ɗaki yawa, kuma sandunan suna cinyewa, saboda haka ya fi dacewa da tituna da manyan filaye. Abin da aka daɗe ana nema shi ne ƙaramar fitila ta cikin gida, wadda lagwaninta zai yi zafi har ya haskaka ba tare da ya ƙone ba. Lagwanin fitilar mai yana buƙatar iska kafin ya ci, shi kuwa na lantarki iska ce take kashe shi, domin da zarar ya yi zafi a cikinta sai ya zama toka. Dole ne a rufe shi a gilashi a zuƙe iskar, kuma hakan bai yiwu yadda ya kamata ba sai bayan da Hermann Sprengel ya ƙera famfonsa mai aiki da zaiba a 1865.

Da wannan famfo ya samu, sai mutum biyu suka kai ga nasara kusan lokaci guda. Joseph Swan ya nuna fitilarsa a birnin Niyukasil na Ingila a farkon 1879, sannan a watan Oktoba na wannan shekara Thomas Edison da ma'aikatansa a Menlo Park da ke jihar Niyu Jazi ta Amurka suka kunna ƙwan da ya yi fiye da awa 13 yana haskakawa. Abin da zai burge ɗalibanka shi ne, lagwanin wannan ƙwai zaren auduga ne na ɗinki da aka gasa har ya zama gawayi. Auduga dai ita ce iyayenmu suke murzawa su sa a kaskon man gyaɗa ko man kaɗe, don haka wanda ya kira zaren Edison lagwani bai yi wa kalmar dole ba. A 1880 su Edison suka koma amfani da gora da aka samo daga Japan, wadda ta kai ƙwai ga yin sama da awa 1,200, kuma daga baya aka bar gawayi aka koma ƙarfen tangistin, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400 a ma'aunin Salshiyos, musamman bayan da William Coolidge ya gano hanyar miƙe shi ya zama siririyar waya a 1910.

Shawarata ita ce ka rubuta lagwanin gawayi a ƙarƙashin hoton ƙwayayen Swan da ke Gidan Tarihin Kimiyya na Landan da na Edison da ke gidan tarihin Simitsoniyan a Washinton, ka rubuta lagwanin tangistin a ƙarƙashin na baya. Amma ka kula da iyakar kalmar. Ƙwayayen zamani da ake kira LED ba su da abin da ake zafafawa don ya haskaka, haskensu yana fitowa ne daga wani ɗan ƙaramin sinadari idan lantarki ya ratsa shi. Nick Holonyak ne ya samar da mai jan haske a 1962, kuma Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura sun sami kyautar Nobel a 2014 saboda mai shuɗin haske, wanda shi ya buɗe hanyar farin hasken da ke cikin tocila da fitilun sola na yau. A kan waɗannan, kalmar lagwani ba ta da wurin zama, kuma faɗa wa yara cewa wannan ƙwai ne marar lagwani ya riga ya zama rabin darasin.

Tambaya: Malam, me ya sa muke cewa ƙwan fitila, alhali ba kaza ce ta saka shi ba? Kuma mene ne asalin aci-bal-bal? Wata ɗaliba ce daga Maraɗi.

Amsa: Siffa ce ta jawo sunan. Lokacin da fitilar kananzir mai gilashi ta shigo ƙasar Hausa, gilashin nan mai kumburin ciki da saurin fashewa ya yi kama da ƙwai, aka ce masa ƙwan fitila, ita kuma aka ce mata fitilar ƙwai don a bambanta ta da ta kasko. Da lantarki ya zo da nasa gilashin, sunan yana nan yana jira, sai kawai aka ce ƙwan lantarki. Aci-bal-bal kuwa jimla ce sukutum da ta dunƙule ta zama suna. Bahaushe yana cewa wuta tana ci, bal-bal kuma amsa-kama ce da ke nuna yadda harshen wuta yake kaɗawa idan ba shi da abin da zai kare shi daga iska. Sunan yana bayyana ainihin matsalar da gilashi ya zo ya magance.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na ji wani yana cewa wutar lantarki kuskure ne, domin lantarki ba wuta ba ne. Shin gaskiya ne? Kuma daga ina kalmar lantarki ta fito?

Amsa: Lantarki, ko lantirki a bakin wasu, aro ne daga kalmar Turanci da ake furtawa ilektirik, an sauke wasalin farko an gyara sauran don ya dace da harshenmu. Ita ma Turancin aro ta yi. Asalinta ilektiron ne na Girkanci, sunan wani ƙaro na itace da ya daskare tun zamani mai nisa ya yi tauri, wanda idan aka goga shi yakan jawo ƙananan tarkace irin su ciyawa. Likitan nan na Ingila William Gilbert shi ne ya ƙago siffar Latin daga wannan suna a littafinsa na 1600 a kan maganaɗisu. Larabawa ma ta wannan hanya suka bi, domin kahraba asalinta sunan wannan ƙaro ne a Farisanci, kuma ma'anarta mai fizgar ciyawa. A Nijar za ka ji ana cewa kuran, daga Faransanci, a Nijeriya kuma har yau akwai masu cewa an kawo Nepa, duk da cewa hukumar da aka kafa da wannan suna a 1972 ta daɗe da sauya suna da tsari.

Game da zancen kuskure kuwa, ban yarda da mai wannan magana ba. Gaskiya ne cewa a kimiyyance lantarki ba ƙuna ba ne, amma kalmar wuta a Hausa ba ta taɓa tsayawa a kan harshen wuta kaɗai ba, tana ɗaukar zafi da haske da abin da ake kunnawa a kashe. Ballantana ma ƙwai mai lagwani, fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da yake sha zafi yake zama, ɗan abin da ya rage ne kawai haske, kuma wannan asara ce ta sa ƙasashe da dama suka daina sayar da shi, har ya fara komawa kayan gidan tarihi. Wanda ya taɓa kama irin wannan ƙwai da hannu bayan ya jima a kunne ba zai yi gardama da wanda ya kira shi wuta ba.

Tambaya: Malam, na karanta cewa ba Edison kaɗai ya ƙirƙiro ƙwan lantarki ba, amma shi kaɗai ake ambata. Shin karin maganar nan, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, ta dace da wannan labari?

Amsa: Bari mu fara da karin maganar. Gardi shi ne mai wasa da kura a kasuwa ko a dandali, yana jan ta da sarƙa yana dukanta don ta yi abin da zai ba 'yan kallo mamaki, kuma duk kuɗin da aka jefa aljihunsa suke shiga. Ana buga wannan karin magana ne idan wani ya sha wahala wani dabam ya kwashe amfanin, kuma sharaɗinta shi ne mai wahalar ya tashi a tutar babu, mai amfanin kuma bai yi aikin ba. Idan muka auna da wannan sharaɗi, ba ta hau kan Swan ba. Fitilunsa ne suka haskaka gidan Cragside na Lord Armstrong a 1880, da wutar da ruwa ke samarwa, da kuma gidan wasan kwaikwayo na Savoy a Landan a 1881, sannan a 1883 kamfaninsa da na Edison suka haɗe a Ingila aka riƙa sayar da ƙwai da sunan Ediswan. Mutumin da sunansa yake jikin kaya ba kura ba ne.

Shi ma Edison ba gardi ba ne, domin aikin da ya fi ɗaukaka shi ya wuce ƙwai. Ya gane cewa ƙwai ba shi da amfani idan babu injin samar da wuta da waya da makunni da mita, sai ya haɗa su duka, har tasharsa ta titin Pearl a birnin Niyok ta fara raba wuta ranar 4 ga Satumba, 1882. Gobara ta cinye tashar a 1890, inji ɗaya ya tsira, kuma yana ajiye a gidan tarihin Henry Ford da ke jihar Mishigan, inda aka sake gina ɗakin binciken Menlo Park aka buɗe shi a 1929, shekara 50 da kunna ƙwan Edison na farko, Edison da kansa yana wurin. Idan akwai waɗanda karin maganar ta ɗan shafa, to ma'aikatan da aka daɗe ba a ambaton su ne, kamar Lewis Latimer, Baƙar fata ɗan iyayen da suka gudo daga bauta, wanda ya sami rajistar hanyarsa ta gasa lagwanin gawayi a 1882 kafin ya koma aiki da kamfanin Edison. Gidansa da ke unguwar Kwins a Niyok yanzu gidan tarihi ne.

Karin maganar da na ga ta fi dacewa ita ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jinka rufin ɗaki ne na ciyawa da ake ɗaurawa a ƙasa, sannan a taru a ɗaga shi a ɗora a kan gini, kuma komai ƙarfin mutum ba zai iya shi kaɗai ba, saboda faɗinsa yana buƙatar a riƙe shi ta kowane gefe a lokaci guda. Volta da Davy da Sprengel da Swan da Edison da Latimer da Coolidge kowa gefensa ya riƙe.

Tambaya: Malam, ana cewa wane kyandir ne. Yabo ne ko zagi? Sannan ya ɗauke wuta fa, tsohuwar Hausa ce?

Amsa: Ya danganta da bakin da ta fito. Cikon maganar shi ne yana haska wasu yana ƙona kansa. A wurin wa'azi gargaɗi ne ga malamin da yake koya wa mutane alheri ya manta da kansa, kuma a Larabcin da malamai suke jawo misalin daga gare shi, da fatila ko fitilar mai ake yin kwatancen, kyandir ya shigo ne daga baya tare da sunansa na aro daga Turanci. A bakin jama'a kuwa maganar ta karkata zuwa tausayi, ana faɗa wa mai ɗawainiya da dangi har ya rasa abin kansa.

Ya ɗauke wuta sabuwar Hausa ce, kuma shekarunta ba za su wuce na shigowar lantarki garuruwanmu ba. Fitilar mai ba a ɗauke mata wuta, mutuwa take yi idan mai ya ƙare, ko a hure ta, kuma kafin ta mutu sai an ga haskenta yana raguwa. Wutar da ake kawowa daga nesa ta waya ita ce ake ɗaukewa farat ɗaya ba sallama, shi ya sa ake faɗin haka ga wanda ya yi tsit saboda firgita ko mamaki, da kuma wanda ya yanke hulɗa ba tare da bayani ba, kamar a ce tun da aka ba shi bashi ya ɗauke wuta, ko kuma budurwa ta ɗauke wa saurayinta wuta.